Ido Ba Mudu Ba Ne

A Gidan Sori, in damina ta yi nisa, yakuwa takan cika bayan gida da gefen gonaki. Uwa ta tsinko ganye, ta wanke, ta zuba cikin tukunya. Kafin ta sauke sai ta jefa ƴar kanwa, ko ta ɗiga ruwan toka. Tukunya ta yi kumfa, ta taso, sa'an nan ta kwanta.

In ɗiyarta ta ce: "Inna, don me kike sa kanwa?"

Sai ta ce: "Don ta kashe tsami."

In yarinya ta ƙara cewa: "To, Inna, ƙaƙa take kashe shi?"

Sai uwa ta ce: "Haka muka taras ana yi."

Uwa ta faɗi gaskiya, kanwa tana kashe tsami. Amma tambaya ta biyu ba ta samu amsa ba, kuma amsa ta aikin makaranta ne. Akwai ilimin da ke bayyana abin da ke cikin abubuwa, da yadda suke sakewa in an haɗa su. Sunansa ilimin sinadarai. Da Faransanci ana ce mashi shimi.

Mutane da yawa suna ganin ilimin nan na manyan ɗalibai ne, sai an shiga kolej. Wannan kuskure ne. Yaran karkara da yawa ba su kaiwa kolej, amma dukansu suna shan ruwa, suna cin gishiri, suna taɓa takin zamani da maganin ƙwari. Saboda haka ya kamata a fara shi tun daga firamare. Farkonsa kuwa tambayoyi uku ne kawai: Mene ne a ciki? Me zai faru in an haɗa? Nawa ne a ciki?

Tambaya ta farko: mene ne a ciki?

A ɗauki ƙoƙo biyu da ruwa. A zuba rairayi cikin na farko, a zuba gishiri cikin na biyu, a motsa. Rairayi zai kwanta a ƙasa, ido yana ganinsa. In aka tace da ƙyalle, rairayi ya tsaya, ruwa ya wuce. Gishiri kuwa ya ɓace ma ido. In aka tace, shi da ruwan suna wucewa tare. Ana cewa ya narke.

To, ina ya tafi? Bai tafi ko'ina ba. A zuba ruwan cikin faranti, a aje a rana. Bayan kwana ɗaya ko biyu ruwa ya bi iska, gishiri ya fito fari fat. Haka mutanen Bilma suke samun gishirinsu, rana ce ke ƙafar masu da ruwa. Mutanen Foga, wajen Gaya, su kuma tace ƙasa mai gishiri suke yi, su dafa ruwan har ya ƙone.

Gishiri yana ɓace ma ido ne don ya rabu ƙanana ƙanana, har ya wuce gani. Kowane abu na duniya, dutse ko iska ko jikin mutum, an gina shi da ƴan ƙwayoyi da ake ce ma atom. In atom biyu ko fiye suka kama juna, sai a ce molekil. Ƙanƙantarsu ta wuce misali. Molekil da ke cikin ɗigon ruwa guda sun fi dukan ƙwayoyin hatsin da aka taɓa nomawa a Nijar yawa.

Atom iri iri ne. Iri 118 aka sani, wajen 90 daga cikinsu ana samunsu cikin ƙasa da ruwa da iska. Wasu kowa ya san su: ƙarfen da maƙeri ke bugu, zinariya, azurfa, jan ƙarfe, dalma. Gawayi kusan dukansa karbon ne. Iraniyom, wanda aka fara haƙa a Arlit a shekara ta 1971, shi ma ɗaya ne daga cikinsu. Wani masani ɗan Rasha, Mendeleyef, ya jera waɗanda aka sani a lokacinsa cikin allo guda a shekara ta 1869, kowane da gidansa. Kamar baƙaƙen abacada suke. Baƙaƙe kaɗan ne, amma da su ake rubuta kowace kalma.

Ga misali. Atom biyu na idrojan da atom ɗaya na oksijan su ne molekil ɗaya na ruwa. Shi ya sa ake rubuta ruwa H2O. Iskar da ake shaƙa kuma gauraye ce: cikin kashi 100, wajen 78 azot ne, wajen 21 oksijan ne.

Darasin farko ke nan. Abin da ya narke yana nan, ko da ba a ganinsa.

Tambaya ta biyu: me zai faru in an haɗa?

Sakewa iri biyu ce. Gishirin da ya narke ana iya mayar da shi gishiri. Ƙanƙara ta narke ta zama ruwa, ruwa kuma ya koma ƙanƙara. Abin bai sake ba, kamarsa ce ta sake. Amma itacen da ya ƙone ba ya komawa itace. Hauyar da aka bari cikin raɓa ta yi tsatsa, domin ƙarfe ya haɗu da oksijan, ruwa ya taimaka masu, wani abu sabo ya fito, ja mai marmashewa. Irin wannan sakewa ita ce zuciyar ilimin sinadarai.

Abin da ya fito sau da yawa ba ya kama da iyayensa. Idrojan yana cin wuta, oksijan yana hura wuta, amma ɗansu, ruwa, kashe wuta yake yi. Sodiyom wani ƙarfe ne mai taushi wanda ke tafasa in ya taɓa ruwa. Kulor iska ce mai guba. In suka haɗu, sai ga gishirin miya.

Yanzu a koma ga tukunyar yakuwa. Akwai dangi biyu masu gaba da juna. Na farko masu tsami: lemun tsami, tsamiya, yakuwa, nono mai tsami. Ana ce masu asid. Na biyu dangin kanwa: kanwa, ruwan toka, sabulu. Ana ce masu baz, ko alkali. Wannan alkali ba shi ne alƙalin shari'a ba. Kalmar Larabci ce mai nufin tokar wani tsiro, Turawa suka are ta. In asid ya haɗu da baz, sai su karya ƙarfin juna. Abin da ke kashe tsamin miya ke nan. Kumfar da ke tasowa kuma wata iska ce ke fita daga kanwa, gaz karbonik, irin wadda mutum ke fitarwa in ya yi numfashi.

Kowane aji yana iya rarrabe dangin nan biyu ba tare da kashe ko dala ba. A jiƙa zoborodo, a raba ruwan cikin kofi uku. A matsa lemun tsami cikin na farko, zai ƙara ja. A bar na biyu yadda yake. A sa kanwa cikin na uku, zai yi duhu, ya juya kore-kore. Daga nan sai a gwada ruwan toka, da ruwan tsamiya, da ruwan sabulu, a rubuta launin kowane cikin littafi. Zoborodo ya zama ma'auni.

Mai yin sabulun salo ita ma wannan ilimi take aiki da shi. Tana dafa mai da ruwan toka, abu na uku ya fito, wanda ba mai ba ne, ba kuma toka ba.

Wani zai ce: in itace ya ƙone, ai ya ɓace, tun da tokar ba ta kai nauyinsa ba. Wani masani Bafaranshe, Labuwaziye, ya warware wannan da sikeli. Ya riƙa ƙona abubuwa cikin kwalabe rufaffu, yana auna su kafin da bayan ƙonawa. Nauyin bai ragu ba, bai ƙaru ba. Ya bayyana haka cikin littafinsa na shekara ta 1789. Ragowar itacen tana cikin iska, ta tafi hayaƙi da tururi da gaz karbonik.

Tambayar nan tana ceton rai. Ruwan jabel, wanda ake wanke ɗakin asibiti da shi, in aka gauraya shi da abu mai tsami yakan saki kulor, iskar nan mai guba. Yaron da ya san haka ba zai haɗa abin da bai sani ba don wasa.

Tambaya ta uku: nawa ne a ciki?

Wannan ta fi sauran nauyi. Kanwa kaɗan tana gyara miya, tana sa wake ya nuna da wuri. In ta yi yawa, miya ta lalace, ciki ya ɓaci. Yaro mai gudawa ana haɗa mashi ruwan gishiri da sukari: litar ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In aka cika gishiri, maganin ya koma cuta. Shi ya sa ƙunshin da ake bayarwa a asibiti ya fi, don an riga an auna shi.

Haka takin zamani. In an rubuta 15-15-15 a jikin buhu, ana nufin cikin kashi 100 akwai 15 na abincin azot, 15 na fosfor, 15 na potas. Ire kuma, farin takin nan, azot ɗinsa kashi 46 ne. Manomin da ya san karatun buhu ya san abin da ya saya. Ya kuma san in ya tula shi a jikin iri, zai ƙone tsiron.

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ga hatsi cikin tiya, haka ne. Ga abin da ya narke cikin ruwa, ido bai san kome ba. Mutanen wannan yanki sun ga haka da idonsu.

Abin da ya faru a Tibiri

Tibirin Gobir tana kusa da Maraɗi. Ita da Gidan Sori duk cikin gundumar Gidan Rumji suke. A shekara ta 1985 garin ya fara shan ruwan wata rijiya mai zurfi, irin wadda ake ce ma foraj. Mutane suka yi murna, kuma suna da dalili. Ruwan garau yake, ba laka, ba wari, ba tsutsa.

Shekaru suka wuce. Sai aka lura haƙoran yara suna yin dabbare-dabbare, suna komawa ja. Wasu ƙafafunsu suka lanƙwashe, gaɓoɓinsu suna ciwo, tafiya ta gagare su. Iyaye suka yi ta neman magani. Wajen shekara 15 ana shan ruwan nan kafin a daina. Ɗaruruwan yara suka nakasa, waɗanda haƙoransu suka lalace kuwa sun fi haka yawa nesa. A shekara ta 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta duniya, FIDH, ta fitar da rahoto a kan yaran Tibiri.

Mene ne a cikin ruwan? Wani sinadari ne, fuliyor. Ba wanda ya zuba shi. Yana cikin wasu duwatsun ƙarƙashin ƙasa, ruwa yana narkar da shi a hankali, kamar yadda yake narkar da gishiri. Ba shi da launi, ba shi da wari, harshe ba ya jin sa.

Nawa ne a ciki? Fuliyor kaɗan yana ƙarfafa haƙori, har ana sa shi cikin man goge baki. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligaram 1,5 cikin litar ɗaya ta ruwan sha. Wannan bai kai nauyin ƙwayar hatsi guda ba. Na Tibiri ya ninka haka fiye da sau uku.

Me zai faru in an haɗa? Fuliyor yana shiga haƙori da ƙashi, ya zauna. Yaro kuwa ƙashinsa bai gama ginuwa ba. Shi ya sa cutar ta fi kama yara.

Tambayoyin nan uku, waɗanda ake koya da ƙoƙo da zoborodo, su ne dai tambayoyin Tibiri.

A nan akwai abin lura. Tace ruwa da ƙyalle al'ada ce mai kyau. Tana cikin dabarun da aka yaƙi kurkunu da su, har aka tabbatar a shekara ta 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Tafasa ruwa kuma yana kashe ƙwayoyin cuta. Amma fuliyor narkewa ya yi, ƙyalle ba ya tsayar da shi. Ba shi da rai, wuta ba ta kashe shi. In ma aka daɗe ana tafasawa, ruwa ne ke tafiya, shi ya tsaya, ya ƙara yawa cikin ragowar. Duk yaron da ya shanya ruwan gishiri a faranti zai gane wannan nan take.

Kada a ɗauka ruwan foraj mugu ne. Galibi ya fi na tabki da na buɗaɗɗiyar rijiya lafiya ƙwarai. Abin da ake cewa shi ne a auna shi a ɗakin bincike kafin a fara sha, a kuma riƙa sake aunawa.

A ƙetaren iyaka ma an ga irin haka. A shekara ta 2010, a Zamfara ta Nijeriya, masu neman zinariya suna niƙa duwatsu cikin gidaje. Duwatsun suna da dalma. Ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka mutu. Ga ido, ƙura ce kamar kowace ƙura.

Abin da masu musu ke cewa

Na farko suna cewa: "Makarantar ƙauye ba ta da ɗakin gwaji, ba ta da kwalabe." Gaskiya ne. Amma ilimin farko ba ya bukatar su. Ƙoƙo, faranti, ƙyalle, gishiri, kanwa, toka, zoborodo da rana sun isa aikin shekara guda. Abin da ba a iya yi ba tare da shi ba, shi ne littafi da alƙalami, don a rubuta abin da aka gani.

Na biyu suna cewa: "Sunayen suna da wuya." Sunaye baƙi ne, amma abubuwan ƴan gida ne. Yaron da ya ga zoborodo ya sake launi, ya kuma bayyana dalili da bakinsa, ba zai manta kalmar asid ba. Wanda ya hardace kalmar ba tare da ya ga kome ba, kafin hutu ya ƙare ta gudu. A fara da abu, suna ya biyo baya.

Na uku suna cewa: "Iyaye mata sun san kanwa da toka tun kaka da kakanni, me makaranta za ta ƙara?" Sun sani ƙwarai, kuma daga wurinsu ya kamata a fara. Amma saninsu na abin da aka saba ne. Foraj, takin zamani, jabel da maganin ƙwari baƙi ne, kaka ba ta bar wasiyya a kansu ba. Makaranta tana ƙara abu biyu: dalili da awo. Da su ake tunkarar abin da ba a saba ba.

Na huɗu suna cewa: "Ɗan firamare ba ya iya auna fuliyor." Wannan ma gaskiya ne. Zoborodo ba ya nuna shi, sai na'ura da ƙwararre. Amma ɗan firamare na yau shi ne gobe zai zauna cikin kwamitin ruwa na gari. Ita ce za ta zama uwa, ko ungozoma, ko malama. In an gina sabon famfo, shi ne zai tashi cikin ladabi ya ce: "Ranka ya daɗe, an auna ruwan nan? Ina takardar?" In an miƙo takardar, zai nemi layin fuliyor, ya duba ko lambar ta wuce 1,5. Ita ce kuma, in ta ga haƙoran yaran unguwa suna sake launi tare, za ta tuna da ruwa, ta je asibiti ta faɗi. Shekara 15 ba za ta wuce ba a yi tambaya ba.

Abin da ya rage ga ɗan makaranta

Ɗan makaranta ba sai ya jira kolej ba. Yau da marece, in an ɗora tukunya, ya zauna kusa, ya duba. Ya tambayi innarsa abin da take sawa, da yawan da take sawa, da abin da ke faruwa in ya yi yawa. Ya karanta rubutun buhun taki kafin a buɗe. Kada ya zuba ruwan sha cikin jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko an wanke ta. Kada ya ɗanɗana abin da bai sani ba. Gobe da safe ya kawo ma malam abin da ya gani, a rubuce.

Ranar da yarinyar nan ta Gidan Sori za ta ce: "Inna, na gane, yakuwa asid gare ta, kanwa baz ce, su ne ke karya juna," uwa za ta yi dariya, ta ce ta miƙo mata ludayi. Miya dai ba za ta sake ba. Amma gidan ya samu mai tambaya.

Tambayoyi

1. Don me ƙyalle yake tsayar da rairayi, amma ba ya tsayar da gishirin da ya narke?
2. A kawo abu uku masu tsami da abu uku dangin kanwa.
3. Mene ne bambancin narkewar ƙanƙara da ƙonewar itace?
4. Don me tafasa ruwa ba ya fitar da fuliyor?
5. Wace tambaya ya kamata a yi in an gina sabon famfo a gari?

Aiki

A narkar da cokali ɗaya na gishiri cikin rabin kofin ruwa. A zuba cikin faranti, a aje a rana. A riƙa dubawa safe da marece, a rubuta abin da aka gani har ruwan ya ƙafe.